Bankin Lokaci: Ajiyar Da Ba Ta Buƙatar Kwabo



Abin da zan yi magana a kansa shi ne wani irin banki wanda ba a ajiye kuɗi a cikinsa, sai dai a ajiye awoyin aiki. Ga yadda yake gudana. Mutanen unguwa su haɗu su yi rajista, kowa ya faɗi abin da ya iya da kuma abin da yake buƙata. Duk wanda ya yi wa wani aiki na awa 1, sai a rubuta masa awa 1 a littafi. Alal misali, malamin makaranta ya koya wa ɗan tela lissafi na awa 2. Ba lallai ne telan ya biya shi da ɗinki ba. Malamin yana iya zuwa wajen kafinta ya gyara masa ƙofa da waɗannan awoyi, shi kuma telan ya sauke nasa nauyin ta hanyar ɗinka wa wata tsohuwa zane. Nan ne ya bambanta da musaya irin ta dā, inda sai mai gero ya sami mai madarar da ke son gero kafin ciniki ya faɗa.

A shekarar 1973 wata mata mai suna Teruko Mizushima ta kafa irin wannan banki a birnin Osaka na ƙasar Japan. Tunaninta shi ne mutum ya taimaki wasu tun yana da ƙarfi, ya tara awoyi, ya ci moriyarsu idan tsufa ya zo. A Amurka kuwa, wani lauya, Edgar Cahn, shi ya fito da nasa tsarin a 1980, bayan ciwon zuciya ya kwantar da shi, ya ɗanɗani zafin zama wanda kullum sai dai a yi masa. Ya rasu a 2022. Ingila ta buɗe nata na farko a 1998 a yankin Gloucestershire, daga baya har wani ƙaramin asibiti a unguwar Rushey Green ta Landan ya riƙa tura marasa lafiyar da kaɗaici ya dama su shiga bankin.

Jama'a, ginshiƙin abin guda ɗaya ne: awar kowa daidai take da ta kowa. Awar lauya ba ta fi ta mai shara ba. Saboda haka wanda ya nemi taimako ba roƙo ya yi ba, ajiyarsa ya ɗiba. Tsohon da ya yi ritaya, da bazawara, da saurayin da ya gama karatu bai sami aiki ba, duk suna da abin bayarwa, kuma mutuncinsu na nan a hannunsu.

Na san wasunku za su ce ai wannan gayya ce aka sa mata riga. Gaskiya ne akwai dangantaka. A ƙauye ana gayyar noma, ana gayyar ɗaukar jinka, ba a rubuta komai domin kowa ya san wanda ya fito da wanda ya noƙe. To amma a birni, inda mutum zai shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba, wa zai riƙe wannan lissafi a ka? Littafin ne ya maye gurbin idon gari, kamar yadda uwar adashi ke riƙe da zubin kowa.

Kada in ɓoye muku matsalolinsa. Mutane da yawa sun fi son bayarwa da karɓa, sai su tara awoyi su ƙi ɗiba saboda kunya, har harkar ta tsaya cik. Haka kuma, in babu amintaccen mutum mai haɗa mai buƙata da mai iyawa, bankin ba ya daɗewa. Sannan ba ya biyan kuɗin haya ko na magani, don haka bai maye gurbin albashi ba.

Shawarata ita ce, duk wanda ke son gwadawa ya fara da gida 10 ko 15 a layinsu, da littafi guda da magatakarda guda. Kuma babban mutumin layin shi ya kamata ya fara neman taimako, domin na ƙasa su ga cewa ba abin kunya ba ne. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.