Lomar Da Ta Ƙi Wucewa: Lacca Kan Wahalar Haɗiya



Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu, shugabannin masunta da 'yan kasuwar kifi, iyayena mata, da ɗaliban da suka cika bayan ɗakin nan, ina gaishe ku da fatan kowa ya baro gida lafiya.

Da wani abokin wasana ya ji za ni Haɗejiya in yi magana kan haɗiya, sai ya ce ai an kai kaya gidansu. Na ce masa a iya abin da muka ji daga manya, sunan garin nan daga maharbi Haɗe da matarsa Jiya ya samo asali, babu ruwansa da haɗiyar tarwaɗa. Amma dai tsokanarsa ba ta faɗi ƙasa banza ba, domin garin da ke da kasuwar kifi irin taku, inda ake lodin banda zuwa kudancin ƙasar nan, da wuya a sami gidan da ƙaya ba ta taɓa maƙale wa wani ba.

Hanya biyu ce a wuyan mutum. Ta gaba ta numfashi ce. Ta bayanta ta abinci ce, ita zan riƙa kira maƙoshi. Tsawonta a jikin babba kimanin santimita 25, wato taƙi guda da 'yan kai, kuma tana bi ta bayan zuciya kafin ta isa ciki. Tsoka ce mai matsa loma tana tura ta ƙasa, kamar yadda mai tatsa ke bi da hantsar saniya. A ƙarshenta akwai wani zobe da ke buɗewa abinci ya shiga, ya rufe don kada ya dawo. Duk abin da ya tsaya a hanyar, ko ya ƙona ta, ko ya ƙuntata ta, ko ya kashe ƙarfin tsokar, a haɗiya ake fara jin sa.

Bari mu fara da ƙaya, tunda ita kowa ya sani. Ƙayar karfasa siririya ce, yawanci a saman maƙogwaro ko gindin harshe take cakewa, inda ma'aikacin lafiya zai haska fitila ya zare ta cikin 'yan mintuna. To mu me muke yi? A murza ƙatuwar lomar tuwo, a ce haɗiye kar ka tauna. In ba ta tafi ba a kawo gayan fura. Wani sa'in a dace. Wani sa'in kuma lomar ta danna ƙayar ta nutse cikin nama, ko ta sauke ta can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. In ta huda maƙoshi a tsakiyar ƙirji, ƙazantar baki ta bi ramin, wurin ya yi ruwa, ga babbar jijiyar jini a maƙwabtaka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sau da yawa ƙayar ta riga ta wuce, ƙarzar da ta yi ce ake ji, kuma wannan kan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma in zafin ƙaruwa yake yi, ko miyau ya ƙi haɗiyuwa, ko zazzaɓi ya shigo, ko wuya ya kumbura, to kada a kwana a gida. Ku sani kuma hoton asibiti na yau da kullum ba kowace ƙaya yake nunawa ba, saboda haka "hoto bai nuna komai ba" ba sallama ba ce in ciwon na nan.

Sai dai ba mai ƙaya ne ya fi tayar mini da hankali ba. Shi zafi ke koro shi, ranar ko washegari yana gabanmu. Wanda ke hana ni barci shi ne wanda abin ya zo masa a hankali, babu zafi.

Na taɓa duba wani dattijo, manomin shinkafa daga wani ƙauye na bakin kogi. 'Ya'yansa suka ce mini olsa ce ke damunsa, wata bakwai ana saya masa magani a kemis. Na ce, "Baba, yaushe rabonka da tsire?" Ya yi shiru, ya ce tun Babbar Salla. "Tuwo fa?" Ya ce yakan ci in an saki miya da yawa, amma kwanan nan ya daina. "Yanzu me kake ci?" Ya ce kunu, shi ma sai an tace. Matarsa ce ta ƙara da cewa wandonsa sai da aka sake masa mazagi. Babu wanda ya yi sakaci da gangan a gidan nan. Ƙauna ce ma ta ɓoye ciwon: duk lokacin da abu ya gagare shi, sai a dama masa wanda ya fi shi ruwa. Mu Hausawa Allah ya hore mana abin sha kala-kala, fura da koko da kunun tsamiya da kunun gyaɗa, har mutum zai iya sauka daga nama zuwa ruwa mataki-mataki ba tare da an ce ya daina cin abinci ba.

Wannan saukowar, daga nama zuwa tuwo, daga tuwo zuwa kunu, ga rama, musamman ga wanda ya haura shekara 50, alama ce ta hanyar na ƙuntata, kuma abin da likita zai fara nema shi ne sankarar maƙoshi. Hanyar tana da talewa, don haka kafin mutum ya ji loma na tsayawa, ƙarin ya riga ya ci wuri mai yawa. Kowane mako da aka ɓata ana shan maganin olsa, asara ce. Ciwon ya fi yawa a gabashi da kudancin Afirka, irin su Kenya da Malawi, fiye da nan yammaci, amma yana nan a cikinmu. Taba da giya su ne kan gaba wajen jawo shi. Akwai kuma wanda ya shafe mu kai tsaye: a 2016 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Lyon na Faransa, ta sanya shan abu mai tsananin zafi, sama da digiri 65, cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa shi. Ku tuna yadda muke yi a teburin mai shayi lokacin hunturu, ana sauke buta ana kurɓa. Shayin ba shi da laifi, zafin ne. A bar shi ya sha iska.

Kada wani ya koma gida a tsorace: ba kowace ƙuntata ce sankara ba. Ƙwarnafi mai daɗewa ma yana yi. In zoben nan na ƙasa ya saki, ruwan ciki mai tsami ya riƙa hauhawa yana ƙona maƙoshi, shekara da shekaru, sai wurin ya yi tabo ya tsuke. Wannan ana buɗa shi a asibiti mutum ya koma cin namansa. Masu ƙwarnafi sun san lokacinsu: a cika ciki da tuwo da yaji da maiƙo bayan isha'i a miƙe, ko a yi sahur a koma shimfiɗa. A bar tazarar awa biyu zuwa uku tsakanin abincin dare da kwanciya, a ɗaga wajen kan gado. Akwai kuma wani ciwon da zoben ke ƙin buɗewa, shi tun farko har ruwa yake tsayawa, kuma yana da magani. Mata masu yawan haihuwa da ƙarancin jini su ma wani lokaci wata siririyar fata kan tokare musu hanyar, sai an gyara jinin. Maƙoƙo in ya girma yana danne ta daga waje. Duk waɗannan da bakin mara lafiya kama suke yi da juna. Abin da ke raba su shi ne a leƙa: a zura siririyar na'ura mai fitila ta baki a gani da ido, a ɗebi ɗan nama a gwada in da buƙata. Aikin mintuna kaɗan ne. Ana yin sa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma daga Babban Asibitin Haɗejiya likita zai iya rubuta takardar turawa.

Zafin haɗiya da ya faɗo dare ɗaya kuwa, ku tambayi mai shi ko ya sha ƙwaya. Da yawanmu kafso ake jefawa a baki a bi shi da miyau, sannan a kwanta. Ƙwayar ta liƙe a tsakiyar ƙirji ta narke a wurin ta yi gyambo. Doxycycline ya yi suna a wannan, haka maganin ƙarin jini da irin su ibuprofen da manoma ke sha don ciwon jiki bayan an tashi daga fadama. Cikakken kofin ruwa, a zaune, kuma kada a kwanta sai bayan rabin awa. In kuwa ga farin abu kamar dusa a harshe da dasashi ga zafin haɗiya, a gwada sukari, a gwada cuta mai karya garkuwar jiki, ba tare da jin kunya ba.

Iyayena mata, yanzu da ku nake. Sana'ar haɗa sabulu ta shiga gidaje da yawa, Allah ya sa albarka. Amma sodar da ake jiƙawa, a ido ba ta da maraba da ruwan sha, kuma a gorar ruwa ko ta lemo ake ajiye ta. Yaro ya dawo daga wasa da ƙishi, kurɓa ɗaya ta isa. Tana cin naman maƙoshi nan take. Kada a sa masa yatsa ya yi amai, domin in ta dawo sau biyu ke nan ta ƙona shi, kada kuma a tsaya ɗura masa manja. A tafi asibiti da shi da gorar. Ko bakin ya warke a ci gaba da kai shi, saboda bayan 'yan makonni ne tabon ke tsuke hanyar, kuma akwai yaran da ke shafe shekaru ana buɗa musu ita. Haka ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli, na agogo da kayan wasa: in ya maƙale, cikin awa biyu ya fara ƙuna.

Yaro mai zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, a da wurin wanzami ake fara kai shi a ce hakin wuya ne, a cire beli. Ina girmama wanzamai, ni ma su suka yi mini askin suna. Amma tun daga ƙarshen 2022 da mashaƙo ya ɓarke a Kano ya bazu har Jigawa da Yobe, mun ga yadda wannan ciwo ke shimfiɗa wata fata mai ruwan toka a maƙogwaro ta toshe numfashi. Sa ƙarfe a irin wannan wuri jini ne da yaɗa cuta. Rigakafinsa kyauta ne, ana yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14.

Na kusa mantawa da tsofaffinmu da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki. Su hanyar a buɗe take, sarrafa ta ne ya gagara, sai ruwa ya bi ta hanyar iska. In kun ga yana ƙwarewa ko muryarsa ta canza bayan ya sha, a zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan da cokali. Kunu mai ɗan kauri ya fi masa sauƙi a kan tsurar ruwa. Kada a yi masa ɗura a kwance, ko da ruwan rubutu ne, domin ciwon huhun da ke biyo baya shi ke ɗauke da yawansu.

Na san abin da wasu ke faɗa a ransu: likita, Kano ba nan kusa ba ce, ga kuɗin mota, ga na gwaji. Gaskiya ne. Mutumin Guri ko Kirikasamma da ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022, lokacin da sai da kwalekwale ake fita daga wasu garuruwan, ba sai an gaya masa nisan asibiti ba. Shi ya sa nake roƙon iyayenmu da wakilanmu da ke zaune a nan su sa baki: masarautar Haɗejiya da ke da ƙananan hukumomi 8 ta cancanci a ce wannan gwaji na leƙa maƙoshi yana samuwa a cikinta a kai a kai, da ma'aikatan da aka horar, da kuɗin da talaka zai iya. Masu kemis kuma, ku ji tsoron Allah, wanda ya ce muku abinci na tsaya masa a ƙirji kada ku miƙa masa maganin olsa karo na biyu.

Ku kuma masu tuƙa tuwo, ku kuka fi kowa sanin wanda ya fara ture nama gefen kwano. In maigida ko tsohuwa ta yi mako biyu tana neman a ƙara wa abinci ruwa kafin ya wuce, a dama kunun, amma a kawo mana ita cikin makon nan.