Kyautar da Ke Tsayar da Mutum da Ƙafarsa: Jawabi a kan Asusun Taimako

  

Yau maganata a kan ƙaramar jakar nan ce da ke cikin akwatinmu, gefen jakar bashi, wato asusun taimako. A ƙungiyoyi da yawa da nake zagayawa, ita ce jakar da ta fi rama. Mace za ta sayi hannun jari biyar ko a jikinta, amma in aka ce ta sa naira 100 ta taimako sai fuska ta canza. Na sha jin ana cewa, "Mu da muke neman mai ba mu, wa za mu ba? Kyauta ai ta masu kuɗi ce da Turawan mishan." Ni 'yar zumuntar mata ce a ikilisiyarmu, a nan kuma akwai Kirista akwai Musulmi, akwati ɗaya ya haɗa mu. Tunda an ambaci mishan, bari mu duba me aikinsu a cikin talakawa ya koya mana game da bayarwa.

Mishan sun yi aiki, wannan ba gardama. A Garkida, cikin jihar Adamawa ta yau, sun fara a 1923, suka buɗe makaranta da asibiti da wurin jinyar masu ciwon kuturta, a lokacin da dangi ma gudun kuturu suke yi. A Galmi ta ƙasar Nijar, asibitin da mishan na SIM suka buɗe a 1950 har yau yana karɓar marasa lafiya, mafi yawansu Musulmi. Amma darasin da ya fi shafarmu daga Maradi ya fito.

Wani ɗan mishan mai suna Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya, ya yi shekaru yana raba dashen itatuwa a ƙauyukan Maradi, mafi yawa suna mutuwa. Rana ta ƙone wasu, awaki su cinye wasu. A 1983 ya lura da abin da kowace mai zuwa itace a cikinmu ta sani: 'yan tsiron kalgo da sabara da ake sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, itatuwa ne da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka bar wa kututture rassa kaɗan masu ƙarfi aka rage sauran, da kansa zai tashi.

Da yunwar 1984 ta zo, sai aka riƙa ba manoma hatsi a kan su bar irin waɗannan itatuwa a gonakinsu. Suka bari. Da yunwa ta wuce aka daina rabo, sai aka sare kusan kashi biyu cikin uku. Kun ga ke nan, abin da aka riƙe don buhu, ranar da buhu ya ƙare ake sakinsa. To, amma waɗanda ba su sare ba sun ga amfani da idonsu: iska ta daina binne musu shuka, dabbobi suka sami ganye, mata suka sami itacen girki kusa da gida har da na sayarwa. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, ba wanda ya biya su. Shi ne ake kira sassabin zamani, yau ya kai kimanin hekta miliyan 5 a Nijar.

Kada ku ji kamar ina raina hatsin. Mai jin yunwa abinci ake fara ba shi, hatsin nan ya ceci rayuka. Amma abin da ya ɗore shi ne saiwar da mutane suke da ita tun farko. Irin akwatin nan namu ma a yankin Maradi aka fara shi, a 1991, da taimakon ƙungiyar CARE, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Ba a zuba musu ko sisi daga waje ba. Kuɗinsu ne, hankalinsu ne.

A Littafi Mai Tsarki, Sarakuna na Biyu sura 4, akwai labarin wata gwauruwa, wato wadda mijinta ya rasu. Ya bar ta da bashi, mai bashi kuma na shirin kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi. Ta je wurin annabi Elisha, wanda 'yan'uwana Musulmi suka sani da Annabi Alyasa'u. Bai miƙa mata kuɗi ba, tambayarta ya yi abin da take da shi a gida. Ɗan mai ne kawai a kwalba. Ya sa ta aro tuluna wurin maƙwabta, ta shiga ɗaki da 'ya'yanta ta rufe ƙofa, ta yi ta zubawa har duk suka cika. Ta sayar da man, ta biya bashi, suka ci gaba da rayuwa da sauran. Ku lura da abu uku: an fara da abin da ke hannunta, maƙwabta sun ba da aron tulu, an kuma rufe ƙofa don a rufa mata asiri.

Ke kuma da kike cewa ba ki da abin bayarwa, ga naki. A Markus sura 12, Yesu ya zauna yana kallon masu zuba baiko. Masu arziki suka zuba da yawa, wata gwauruwa matalauciya ta zuba 'yan tsaba biyu, mafi ƙanƙanta a kuɗin ƙasar. Ita ya yaba, don su daga rara suka cire, ita kuwa daga abin da za ta ci. Ba girman kuɗi ake aunawa ba. Kuma ku yi lissafi: mata 25, kowa naira 100 a mako, 2,500 ke nan. A mako 52 ya zama naira 130,000. Da wannan ake ɗaukar mota a kai mai naƙuda asibiti cikin dare, ba sai an sayar da akuya a wulaƙance ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙon kowace ƙungiya ta riƙe.

Na ɗaya, kowa ta zuba daidai da kowa, kowane mako, kafin a fara sayen hannun jari. Ku yanke kuɗin da mafi ƙarancin hali a cikinku za ta iya.

Na biyu, ku tsara tun ranar farko abin da asusun zai ɗauka da nawa za a ba da: rashin lafiya mai tsanani, rasuwa, gobara, rushewar ɗaki da damina. Anko da kayan biki ba sa ciki. In an rubuta tun da wuri, ba za a ce an yi son kai ba.

Na uku, kada a haɗa shi da jakar bashi. Kuɗin taimako ba a neman riba da shi.

Na huɗu, ba a tambayar addini ko ƙabila. Wuta in ta kama ɗaki ba ta tambayar inda mai ɗakin ke yin ibada.

Na biyar, ba gori, ba kai labari bakin rijiya. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Matar da aka yi wa gori sau ɗaya, ko ɗanta na mutuwa ba za ta sake buɗe baki ba.

Na shida, in kun ba ta, ku koma bayan mako biyu ku duba ta. Ku tambaye ta me ya rage a hannunta: turmi ne, kaskon suya ne, keken ɗinki ne? Wata ta ara mata tukunya, wata ta saya mata ƙosan farko. Zumunta a ƙafa take.

Ke da za a ba, kada ki ji kunya, kuɗinki na ciki, haƙƙinki ne. Yau ke ce, gobe wata ce, kuma hannunki ne zai miƙa mata.

Yanzu ma'ajiya ta fito da jakar, masu ƙirga su ƙirga a gabanmu, mu ji nawa ne a ciki, sannan mu yanke na mako mai zuwa. Allah ya sa albarka a abin da muka zuba, ya rufa mana asiri.