Gasar Intel da AMD: Wa Ke Yanke Farashin Furosesa?



Duk wanda ya je sayen kwamfutar tebur, abin da mai shago ke fara tambayarsa shi ne Core i5 yake so ko i7, kamar dai Intel ne kaɗai ke ƙera furosesa. Ina so mu duba abin da ya faru a lokacin da kasuwa ta zama kusan haka da gaske.

An kafa Intel a 1968, AMD kuma a 1969, duka a Amurka. Da IBM ya fitar da kwamfutarsa a 1981 da furosesan Intel, ya ƙi dogara da kamfani ɗaya, shi ya sa AMD ya samu lasisin ƙera irinsa. Daga nan kishi ya fara. AMD ya sha gaba a 2003 da Athlon 64, Intel ya rama a 2006 da Core 2 Duo, sannan a 2011 AMD ya fitar da Bulldozer, mai zafi da cin wuta, aikinsa kuma bai taka kara ya karya ba.

Daga nan Intel ya yi ta cin karensa ba babbaka. Shekara da shekaru, i7 ɗin da yake sayar wa gama-garin jama'a bai wuce ƙwayoyin sarrafawa huɗu ba. Kowace shekara sabon suna, ɗan ƙarin sauri kaɗan, kuma kusan bayan kowane zubi biyu sai ka sake madabod. Fasahar tana nan, domin yana da mai ƙwaya takwas, i7-6900K, amma a kan fiye da dala 1,000.

A watan Maris na 2017, ƙarƙashin jagorancin Lisa Su, AMD ya fito da Ryzen 7 1800X, shi ma ƙwaya takwas, a kan dala 499. Kafin shekarar ta ƙare, Intel ya kawo i7-8700K mai ƙwaya shida. Abin da aka yi shekaru ana jira, watanni bakwai suka wadatar.

Sai dai kada kowa ya ɗauki AMD a matsayin mai tausayin talaka. Da ya tabbatar ya yi gaba a 2020, Ryzen 5 5600X ya zo a dala 299, alhali 3600X da ya gada 249 ne. Wannan ne ya sa nake jin takaici idan na ga ɗalibanmu suna musu kan kamfani kamar magoya bayan ƙwallo.

Mu kuma akwai lissafin da teburin gwaji na Turai bai cika damuwa da shi ba, wato wuta da zafi. Core i9-14900K na iya jan wat 253 idan aiki ya yi nauyi. Ku ɗora wannan a kan inbata ko janareta, a ɗakin da babu na'urar sanyaya iska, cikin watan Afrilu a Sakkwato. Fanka za ta yi ta kuka, furosesan ya rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone, saurin da ka biya da tsadar dala ya tafi a banza. Saboda haka jami'in da zai sayo wa sashensa kwamfutoci hamsin ya fara rubuta aikin da za su yi da wutar da za su ci, sannan ya nemi farashi daga ɓangarorin biyu.