Jawabi a kan Tsayuwa bisa Gaskiya ko da Mutane Sun Zarga

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ya ku jama'a, sau da yawa saurayi yakan zo ya ce, "Malam, na ga hanya, amma ina tsoron bakin mutane." To, ku kasa kunne ku ji labarin wanda bakin mutane bai mayar da shi baya ba.

An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta cikin 1754. Yana da kamar shekara 20 ya fara wa'azi, ya ba da ransa ga karantar da waɗanda aka bari cikin jahilci. Da ya duba, ya ga ba wanda aka bari kamar mata. Sai ya yarje musu su halarci majalisinsa, ya ware musu wurin zama dabam.

Wannan bai gamshi wasu malamai ba. Sa'ad da yake yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, wajen 1786, wani malamin Barno, Mustafa Gwani, ya tarye shi da waƙa, yana neman ya hana mata zuwa. Shehu bai daina ba, bai kuwa toshe kunne ba. Ya umarci ƙanensa Abdullahi ya ba da amsa, shi ma da waƙa. Hujjarsu ita ce, ɓarnar barin mata ba su san farillansu ba ta fi ɓarnar da ake tsoro girma. Cikin littafinsa Nurul Albabi kuma Shehu ya zargi malaman da ke karantar da almajirai alhali matansu da 'ya'yansu mata suna cikin duhu.

Ku dubi abin da ya biyo baya. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa cikin 1793, ta zama malama, ta naɗa jajoji suna jagorantar 'yan taru, suna kai karatu ga matan ƙauye, har ta rasu cikin 1864.

Ku sani, ya 'yan'uwa, tsayuwa dabam take da taurin kai. Mai taurin kai ba ya sauraron mai suka. Mai tsayuwa yakan saurara, ya auna maganar, ya amsa da hujja, sa'an nan ya ci gaba da aikinsa. In an zarge ka, koma ga hujjarka. In ta rushe, tuba ba abin kunya ba ne. In ta tsaya, ka tsaya tare da ita, ko kai kaɗai ne.

Allah ya nuna mana gaskiya, ya ba mu ikon bin ta. Amin. Tamat.