DAƘIƘA UKU A KAN SITIYARI
Jawabin da aka gabatar a taron shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai

 

Da sakatare ya ce ni zan yi magana a bana sai na yi dariya, domin a ajinmu akwai likitoci, akwai alƙalai, ni kuwa kowa ya san harkar manyan motoci na faɗa tun muna barin makaranta. To, abin da na sani shi zan faɗa.

Bari in fara da laifin kaina. Wata rana da hantsi na ɗauko lodin siminti zan sauke a Ƙofar Ruwa, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Na sunkuya in ga ko wane ne. Ban ankara ba sai ihun yaron motata na ji, na take burki da iyakar ƙarfina. Da na sauko, ga wani ɗan yaro rungume da allonsa, tsakaninsa da tayar gaba bai kai kamu biyu ba. Bai ma san abin da ya faru ba, ya wuce abinsa. Ni kuwa ranar ban iya cin abinci ba. Mai kiran kuma, ashe gaisuwa ce kawai.

Malaminmu na lissafi yana nan zaune, sai ya gyara mini idan na yi kuskure. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Wato idan direba ya kalli waya na daƙiƙa uku, ya yi tafiyar mita 50 ke nan ido rufe, ga tan talatin a bayansa. Alhali kuwa mun san titunan cikin birni, daga Ƙofar Mazugal zuwa Kurmi: ga adaidaita sahu, ga masu tura kura, ga yara na fitowa daga lungu ba sallama. Wanda ke zaune a kan tirela kuma ba ya ganin ƙaramin yaro idan ya matso gaban motar sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari kusan sau huɗu.

Lokacin da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, a ƙarƙashin Farfesa Wole Soyinka, abokan gabanmu su ne gudu da gyangyaɗi da tsohuwar taya. Suna nan har yau. Ba mu manta tirelar da ta kife a gadar Hotoro a watan Fabrairun 2025 ba, inda mutum 23 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Wayar salula ta zo a 2001 ta ƙaru a kansu, kuma dokar hanya ta hana amfani da ita a kan tuƙi.

Yanzu ga 'yan uwanmu masu kaki, na ga biyu a layin gaba, ranku ya daɗe, a yi mini afuwa. Aikinku da wuya, rana da ruwa a kanku suke ƙarewa. Amma sau nawa muke ganin motar sintiri ta ratso kasuwa da jiniya, direban na riƙe da waya a kunne? Sau nawa mai tsaron shinge yake duba waya, sai mota ta iso kansa sannan ya ɗaga hannu farat ɗaya? Tirela mai lodi ba ta tsayawa kamar keke. Direba ya gani a wurin mai hana shi, yaya zai ɗauki dokar da nauyi?

Ni dai tun daga ranar Ƙofar Ruwa, wayata a hannun yaron mota take, shi ke amsawa, haka kuma na sharɗanta wa direbobina. Roƙona ga shugabanni shi ne a tura mutum uku daga cikinmu, direba da ɗan sanda da likita, su je su yi wa 'yan ajin ƙarshe wannan lissafi kafin hutun bana. Sunana na farko a takardar, motar zuwa kuma a wuyana.