Gidajen Bene Na Abuja Suna Bukatar Doka



Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Wannan magana ta dace ƙwarai da halin mutanen da suka mallaki ɗakuna cikin bene ɗaya a Abuja, rufinsu ɗaya, matakalarsu ɗaya, tankin ruwansu ɗaya.

Asalin al'amarin sananne ne. Dokar soja mai lamba 6 ta 1976 ita ta kafa Birnin Tarayya, gwamnati kuwa ta ƙaura daga Legas ran 12 ga Disamba, 1991. An gina wa ma'aikata benaye a Garki da Wuse, gwamnati ce mai gida, ita ce kuma mai gyara. A shekarar 2005, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake Ministan Abuja, aka shiga sayar da gidajen nan. Bene ɗaya ya koma hannun mutane da yawa, kowa da sashensa.

To, a nan gizo yake saƙar. Dokar Filaye ta 1978 maganar fili ta yi, ba ta tsara yadda masu bene ɗaya za su riƙe abin da suka yi tarayya a kai ba. In rufi ya yi yoyo, na sama ya ce aikin kowa ne, na ƙasa ya ce ruwan bai kai kansa ba. A sababbin rukunonin gidaje kuwa, kuɗin hidima da ake karɓa domin masu gadi da janareta da kwasar shara shi ne tushen rigima, muddin ba a nuna wa masu biya lissafi ba.

Waɗansu ƙasashen Afirka sun riga sun nemo magani. Afirka ta Kudu ta yi dokoki biyu a 2011, suka fara aiki a 2016: ɗaya ta wajabta asusun ajiya domin manyan gyare-gyare, ɗaya ta kafa hukumar sauraron ƙorafin mazauna. Kenya ma ta sabunta tata dokar a 2020, inda mai sashe yake samun takardar mallaka da sunansa.

Abuja ba ta da majalisar jiha. Sashe na 299 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa Majalisar Tarayya yi mata doka, saboda haka nauyin yana wuyanta. Lalle dokar ta ƙunshi abu huɗu. Na farko, takardar mallaka ta fayyace sashen mutum da rabonsa cikin kayan tarayya. Na biyu, masu gidaje su zaɓi shugabanninsu da kansu, a kuma yanka musu wa'adi. Na uku, kuɗin hidima ya shiga asusun banki na ƙungiya, mai binciken kuɗi ya duba shi kowace shekara, a karanta lissafin gaban kowa. Na huɗu, a fara da sulhu kafin shari'a. Babbar Kotun Abuja tana da zauren sulhu tun 2003, ga kuma Dokar Sasantawa ta 2023.

Ma'aikacin da ya zuba guminsa ya sayi ɗaki biyu a Garki, gadon 'ya'yansa ke nan. In benen ya lalace saboda rashin mai kula, hasarar ta kowa ce. Rigakafi ya fi magani, ya kamata wakilan jama'a su duba.

Wassalam.