Hunturun Potiskum da Dusar Ƙanƙarar Sahara

Dusar ƙanƙara ba ta sauka a Potiskum. Sanyin da mutanen garin suka sani shi ne na hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi.

Iskar busasshiya ce ƙwarai. Da yake babu laima ko gajimare da zai riƙe zafin rana, ƙasa takan huce da sauri cikin dare, sanyi ya fi tsanani da asuba. Shi ya sa 'yan kasuwar shanu ke jin wuta da safe, amma da hantsi sun tuɓe rigunan sanyi. Wannan bushewar na cikin abin da ke hana dusar, domin sai da laima a sama take samuwa, kuma sanyin ba ya kai na daskarar da ruwa.

A garin Ain Sefra na Aljeriya, mai tsaunuka a bakin Sahara, dusar ta sauka a 1979, ta sake sauka a 2016 da 2018. A Yobe kuwa, jihar da Potiskum take ciki, wata shekarar hazo kan kai Maris. Manoman alkama suna son sanyin ya daɗe, masu asma kuwa wahala suke sha.